Kwalbar da Kawu Ya Buɗe

Ranar da na sauka Riyad ban san kowa a garin ba sai ƙanin mahaifiyata. Shi ya zo tarbata a filin jirgi da tsohuwar a-kori-kurar ubangidansa, wadda warin kankana da tumatir ya kama har kujerunta. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce na rame, sannan ya kama kaina da hannu biyu, ya yi addu'a, ya tofa mini a tsakar ka. A gaban jama'a fa, 'yan ƙasashen duniya suna wucewa da akwatunansu. Kunya ta kama ni. Ina sanye da sabuwar kwat, na zo aikin bincike a jami'a, ga shi ana yi mini tofi kamar jaririn da ya ƙi barci.

Halin Kawu ke nan. Tun ina firamare ya zo ƙasar, yana aiki a kasuwar kayan marmari ta Al-Aziziya, a rumfar wani Balarabe da ya yarda da shi har ya bar masa makulli. Larabcin kasuwa a bakinsa yake kamar a nan aka yanke masa cibi, amma hular ƙube ba ta barin kansa, kuma duk wani sabon abu da ya shigo rayuwar ɗan uwa sai ya bi ta gaban bakinsa. Sabuwar waya, sabon takalmi, katin iƙama na izinin zama da aka sabunta, jaririn da aka haifa wa wani direba ɗan garinmu, duka sai an kawo wa Kawu. Ya karanta abin da zai karanta, ya tofa. Ba yawu ba ne sosai, iska ce da 'yar laima. Hausawan kasuwar ma sun san shi da haka, suna tsokanarsa cewa ko buhun albasa aka sauke sai ya yi masa tofi kafin a kwance.

Ni kuma aikin batir ya kawo ni. Batirin da ke cikin wayoyinmu da litiyam ake yin sa, shi kuwa litiyam tsada gare shi kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Mu muna neman yadda za a yi da sodiyam, wanda ke cikin gishirin miya. Matsalar ita ce sodiyam ya fi litiyam jiki, yana son fili. Don haka muke neman abubuwan da Allah ya halitta fallaye-fallaye, fallen nan a kan wancan, da ɗan gibi a tsakani, yadda sodiyam zai shiga ya zauna idan ana caji, ya fito idan ana amfani da wutar. Abin da aka ba ni na yi aiki a kansa shi ne baƙin fosforas. Yana ɗaukar sodiyam da yawa, abin sha'awa, amma yana kumbura idan ya ɗauka, kuma bayan an yi caji an sauke 'yan lokuta sai ya farfashe. Aikina shi ne in ɓare shi falle-falle, siriri yadda ido ba ya gani, in saƙa fallayen gawayi masu irin wannan siranta a tsakaninsu don su riƙe shi.

Na taɓa zama na yi wa Kawu wannan bayanin a ɗakinsa na unguwar Al-Shumaisi, muna cin shinkafar kabsa a faranti ɗaya. Ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "To, Dokta, a taƙaice dai gishiri kake cusawa a cikin gawayi." Washegari duk kasuwar ta ji cewa ɗan yayarsa yana haɗa batir da gishiri. Na yi ta faɗa har na gaji na bari. Ba ni da digirin dokta a lokacin, amma shi ya riga ya ba ni.

Abu ɗaya ban faɗa masa ba a wannan zaman, don ban ga amfaninsa ba. Baƙin fosforas idan an ɓare shi ba ya shiri da iska, ba ya shiri da laima, haske ma yana ƙara masa ɓaci. Shi ya sa a ɗakin gwajinmu akwai wani babban akwati mai fuskar gilashi, an cire masa iskar da muke shaƙa an cika shi da wata da ba ta taɓa komai, ana ce mata argon. A jikin gilashin an dasa dogayen safar hannu na baƙar roba. Ta nan kake zura hannu har kafaɗa ka yi aikinka, kana kallo daga waje. A gaban akwatin nan na ƙarar da yawancin zamana na Riyad, a tsaye, gumi yana taruwa a cikin safar, hancina yana ƙaiƙayi ba halin sosawa. A wurinmu wannan ba ilimi ba ne ma, kowa ya sani, har mai share ɗakin.

Zamana a ƙasar kuwa a wuyan wannan aikin yake rataye. Jami'ar ce kafilina, wato ita ta tsaya mini aka ba ni iƙama, kuma kwantiragin ɗan gajere ne. Idan farfesan da nake ƙarƙashinsa ya ga sakamako zai sa hannu a sabunta, in ci gaba har in yi digirin da Kawu ya riga ya naɗa mini. Idan bai gani ba, sai gida. Mutumin kirki ne, amma ba ya son dogon bayani. Watanni suka yi ta wucewa ina haɗawa yana lalacewa. Ni dama mai saurin fushi ne, abokan aiki sun san idan na fara magana da Hausa ni kaɗai a gaban akwatin, a kauce.

Sai ga wani haɗi ya yi. Har yau ban san me na yi daban ba. Na ɗibi rabin baƙin garin da haɗin ya ba ni na haɗa ƙananan batura irin na agogon hannu, na jona su a na'urar da ke caji tana saukewa ba tsayawa. Mako ya wuce, wani ya biyo, ƙarfinsu bai ragu ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Farfesa ya zo ya tsaya a bayana ya daɗe yana kallon allo. Ya ce abu biyu suka rage: a kai sauran garin wani ɗakin gwaji da ke kudancin gari, inda suke da na'urar da ke ganin fallayen, sannan in sake haɗa wasu baturan da shi don a tabbatar ba dace ba ne. Idan suka yi, magana ta ƙare.

Na gwada yin sabon haɗi don in sami na ajiya. Awo ɗaya, zafi ɗaya, hannu ɗaya, amma ya ƙi. Don haka duk abin da nake da shi a duniyar nan ya koma ɗan baƙin gari a gindin wata 'yar kwalba, bai kai cikin cokalin shayi ba.

Ranar da zan kai shi, na rufe kwalbar a cikin akwatin, na naɗe murfin da salatif, na lulluɓe ta da takardar alminiyam saboda haske, na saka a leda na ɗaure. Bayan la'asar aka ba ni lokaci. Kawu kuma ya daɗe yana mitar na daina zuwa, ya ce in biyo ta kasuwa mu ci abinci, shi zai kai ni da motarsa tunda hanya ɗaya ce. Na isa gab da azahar. Rana tana dukan kwanon rumfuna, 'yan dako suna tura kura cike da akwatunan lemo, masu ganye suna yayyafa wa kayansu ruwa kada su yi yaushi. Riyad gari ne busasshe, amma layin su Kawu kullum a jiƙe yake.

Na nuna masa ledar. Na ce, "Kawu, ka ga wannan? Iƙamata da karatuna duk suna ciki."

Ya karɓa da hannu biyu, ya jijjiga kaɗan kusa da kunne. "Wannan ɗan abin?"

"Shi kaɗai ne, babu wani."

Aka kira salla. Shi yana da alwala, ni ba ni da ita, kuma wurin alwalar masallacin kasuwa ba wurin shiga da irin wannan kaya ba ne. Na bar masa, don a duk faɗin ƙasar babu hannun da na fi amincewa da shi. Layin alwalar ya yi tsawo. Da na fito na same shi a bakin rumfa yana jirana, fuskarsa tana ƙyalli, ledar tana kan cinyarsa an ɗaure ta tsaf, har ta fi ɗaurin da na yi kyau.

Ya ce, "Kai ma dai da naɗe-naɗe. Sai da na sa wuƙa. Amma na buɗe, na karanta masa duk abin da na sani, na tofa har ciki. Ta waje ba ya shiga yadda ake so. Khalas, je ka, an gama."

Na san kaina. Na yi wa mutane ihu a kan abin da bai kai wannan ba. Na buɗe baki zan fara. Sai na dubi fuskarsa. Mutumin nan ya bar ciniki, ya zauna ya kwance salatif a hankali da yatsunsa masu kaushi, ya ba ni abin da ya fi kowane abu daraja a wurinsa, kuma yana jiran ya ga na ji daɗi. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Kawu." Muka shiga sahu. Ban san abin da na karanta ba, ban san ma raka'a nawa na bi ba.

Na kai kwalbar duk da haka, don zuciya ba ta rabuwa da ƙila. Ma'aikacin wurin ya saka, ya duba, ya juyo da allon ya nuna mini. Fallayen suna nan, amma duk sun yi ƙuraje, ɗigo-ɗigo a jikinsu. Ya ce, "Wannan ya sha iska." Kafin mako ya zagayo garin ya dunƙule ya yi danshi kamar sukarin da aka manta a buɗe da damina. Baturan da na haɗa da shi ba su je ko'ina ba suka mutu.

Na gaya wa farfesa murfin ya buɗe a hanya. Bai tambaye ni yadda aka yi ba, ya dai ce ina da sauran lokaci zuwa ƙarshen zango. Na koma gaban akwatin. Na yi haɗi ya fi a ƙirga, na canza kwalabe, na canza safar hannu, har sabon fosforas aka yi mini oda. Wasu sun ɗan yi kamar za su yi, sai su faɗi. Baturan farko kuwa suna nan a kusurwa suna ta aikinsu lafiya lau, kamar suna yi mini dariya. Amma abin da aka yi sau ɗaya aka kasa maimaitawa, a sana'armu labari ne kawai.

Duk Juma'a idan na je Al-Shumaisi, kafin in cire takalmi Kawu zai ce, "Ya batirinmu?" Ya zama namu tun ranar. In ce yana nan yana aiki, kuma ba ƙarya na yi ba, na farkon nake nufi. Ya yi murmushi ya dubi abokan zamansa, irin kallon nan na ai na gaya muku. Da labari ya zo cewa ba za a sabunta mini ba, ya fi ni shiga damuwa. Ya ce hassada ce, ya ce wani ɗan uwan wani suke so su saka. Ya je ya roƙi ubangidansa ko ya san wani a jami'ar. Daga baya ya haƙura ya ce, "Albarkar dai na riga na saka, tana nan. Idan ba ta fito a nan ba za ta fito a gida." Na ce amin. Wallahi a lokacin na riga na huce, har maganar tana sanyaya mini rai.

Da a nan abin ya tsaya, da yau dariya nake yi idan na tuna. Asarar gari ce da asarar digiri, kuma mutane sun yi asarar da ta fi wannan sun rayu.

Ana saura 'yan kwanaki in tafi, ya ce yana so ya ga inda na yi aiki. Ya ce duk tsawon lokacin nan yana faɗa wa mutane ɗan yayarsa yana jami'a, kuma bai taɓa taka ƙofarta ba. Ban ga dalilin hana shi ba, na ma ji daɗi. Na nemo masa izinin baƙo. Ya zo da farar jallabiya mai guga, da sabuwar hula, da hirami a kafaɗa, ƙamshin turarensa ya cika lif. Ya gaida mai gadi, ya gaida mai shara, ya gaida farfesa, duk da murya ɗaya.

A ɗakin akwai wani abokin aikina ɗan Sudan, mutum mai fara'a da son bayani, wanda ko ruwa ka tambaye shi sai ya faro maka daga rijiya. Shi ya karɓe Kawu daga hannuna, suka dinga zuba Larabci. Ya nuna masa na'urar caji, ya nuna masa baturana a kusurwa, Kawu ya sunkuya ya dube su kamar jikokinsa. Sannan suka zo gaban akwatin. Safar hannun nan a miƙe suke waje, iskar ciki ta hura su. Kawu ya yi dariya ya kama ɗaya ya yi musabaha da ita. Ya ce wannan kuma na mene ne, abin yana cizo ne?

Na ce, "Kawu, zo in nuna maka ofishina."

Amma ɗan Sudan ya riga ya fara. Ya ce ba mu ake karewa ba, garin ake karewa daga gare mu. Ya ce iska kaɗan ta taɓa shi ya tashi aiki. Ya nuna ni da haɓa ya ce, "Tambayi ɗanka. Ai abin da ya kore shi ke nan, miskin. Kwalba ɗaya ce ta buɗe masa a hanya."

Kawu ya saki safar. Ya ce a hankali, "Ko numfashin mutum?"

"Shi ya fi muni ma, baba. Akwai laima a ciki."

Bai dube ni ba. Ya daɗe yana kallon cikin akwatin, inda kwalabe irin waccan suke jere, kowace da salatif a wuyanta. Sai na ga ya ja baya daga gilashin, ya ɗauko bakin hiraminsa ya rufe bakinsa da hancinsa. A haka ya ƙarasa zagayen. A haka ya yi wa kowa sallama.

Muka shiga mota muka baro arewacin gari, muka shigo tsofaffin unguwanni, muka bi ta gefen katangar maƙabartar Al-Oud. Kullum idan muka zo nan sai ya yi wa mamata sallama da ƙarfi. Ranar leɓɓansa kawai na ga sun motsa. Sai da ya tsayar da motar a bakin layinsu ya ce, "Tun ranar ka sani."

Na ce ai garin dama ya fara lalacewa, ba mamaki tun daga ɗakin gwaji ne.

Ya ce, "Ɗan nan, kada ka haɗa mini da ƙarya."

Na yi ta magana. Na ce ni ne ban faɗa masa ba, na ce ko da garin ya tsira ba tabbas haɗin ya sake yi, na ce rabona ne ya ƙare a ƙasar. Duk gaskiya ne, kuma ya saurara har ƙarshe kamar yadda ya saba. Da na gama ya ce in shigo mu ci abinci. Muka ci, ya turo mini naman gabansa, bai ƙara tayar da maganar ba.

Yanzu ina koyarwa a gida, kuma rayuwa ba ta yi mini rowa ba. Garin nan na daina jin zafinsa tuntuni. Wasu a wasu ƙasashe suna ta aiki a kan irinsa, ina karantawa, ina yi musu fatan alheri. Abin da ke ci mini rai shi ne wannan ziyarar. Da ma na ce masa ba a barin baƙi, da ma ɗan Sudan ya tafi shan shayi, da ma mun fara ta ofis. Na so a ce ya ƙare kwanakinsa yana gaya wa mutanen kasuwa cewa da bakinsa a cikin batirin gishiri. Da ya rasu, a can Riyad aka binne shi, ban samu zuwa ba. Wani abokinsa da ya dawo gida ya zo yi mana gaisuwa, a cikin hira yake cewa Kawu ya canza a ƙarshen zamansa. Ana kawo masa jarirai da sababbin wayoyi kamar da, sai ya ɗaga hannu daga nesa ya yi addu'a, ya ce a je. Sun ɗauka tsufa ne.

Ni na riga na gani tun ranar tafiyata. Ya kai ni filin jirgi da a-kori-kurar nan, ya cika mini jaka da dabino, ya ba ni saƙon mahaifiyata. A bakin inda masu rakiya suke tsayawa na ajiye kaya, na cire hulata, na sunkuyar masa da kai, a gaban jama'a, ba tare da ya ce in yi ba. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa a fuskarsa. Na ci gaba da sunkuyawa.

Na ce, "Kawu, saura tofin."

Ya ce, "Je ka, Dokta, kada jirgi ya bar ka."

Na ƙara jira kaɗan, kaina a ƙasa, ina kallon silifas ɗinsa. Sai na ga ƙafafun sun ja baya.